Ko Kun Sani? Hannun da Aka Yanke Yana Iya Ciwo

Da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa sukan ci gaba da jin zafi a gaɓar da babu ita, domin ƙwaƙwalwa ba ta daina lissafi da ita ba. A shekarun 1990, masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran ya gwada madubi a Amurka: majiyyaci ya kalli hoton lafiyayyen hannunsa tamkar shi ne wanda ya rasa.

Max Ortiz Catalan, lokacin da yake Jami'ar Fasaha ta Chalmers da ke Suwidin, ya kai dabarar ga kwamfuta. Ana liƙa ƙananan na'urori a dungun hannun domin su karanta motsin tsoka, sai majiyyacin ya ga kansa a allo da hannun da kwamfuta ta zana, yana buɗe shi yana dunƙulewa yadda ya ga dama, har ya tuƙa mota a wasan tsere.

Mujallar The Lancet ta buga sakamakon gwajin wannan dabara a 2016: majiyyata 14 da wasu magunguna suka gaza musu sun yi zama 12 kowannensu, ciwonsu kuwa ya ragu da kusan rabi.