Kwanan Karatu: Riba Ce ko Asara?

Da zarar jarrabawar WAEC ko ta ƙarshen zango ta ƙarato, sai azuzuwa su cika da ɗalibai masu kwana karatu, wani na kurɓar Nescafé, wani na tauna goro, wani ma ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa don kada gyangyaɗi ya kwashe shi. Dalilan a fili suke: karatu ya taru, waya ta cinye yini, ga jarrabawa mai fifita wanda ya iya amayar da haddar jiya. Kuskuren lissafin shi ne ɗaukar barci a matsayin lokacin da ƙwaƙwalwa ke zaman banza, alhali a lokacin ne take adana abin da aka koya.

Tun 1924 Jenkins da Dallenbach na Jami'ar Cornell suka nuna cewa wanda ya yi hadda ya kwanta ya fi riƙe ta a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa ido biyu. A 1994 Wilson da McNaughton suka hango yadda abin ke faruwa a gwajin ɓeraye: ƙwayoyin hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar sabon abu, suna maimaita wa ɓera cikin barci irin motsin da suka yi yana farke, kamar mahaddaci na tilawa. Wanda ya hana idonsa barci wannan tilawar ya yanke, kuma washegari ya zo wa sabon darasi da kai a dushe.

Za a ce ai da yawa sun kwana karatu sun ci jarrabawa. Gaskiya ne, haddar dare kan kai mutum safiya, amma ba kasafai take kai shi zango na gaba ba. Wasu kuma su ce za su rama barcin ranar Asabar. Amma a wani gwaji na Robert Stickgold a Harvard a 2000, waɗanda aka hana barci daren farko bayan koyon wani aiki ba su ƙara ƙwarewa ba, ko bayan sun yi barcin dare biyu. Abin da ya sa ɗabi'ar ke da wuyar bari kuwa, mai ita ba ya jin asarar a jikinsa. A binciken Jami'ar Pennsylvania na 2003, masu barcin awa 6 kullum na mako biyu hankalinsu ya yi ta raguwa kowace rana, su kuwa suna cewa ɗan barcin da suke ji bai taka kara ya karya ba.