Tsakanin Asuba da Buɗe Shago: Nasiha ga Ƴan Kasuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau da ƴan kasuwa take, tun daga mai kanti a babbar kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram, har zuwa mai tebur a bakin titi. Za mu yi ta ne a kan ɗan lokacin nan da ke tsakanin sallar Asuba da buɗe shago, wanda yawancinmu a watan azumi muke bar wa barci.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga sahabi Sakhru Algamidi, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhru ɗan kasuwa ne. Da ya ji wannan addu'a sai ya riƙa tura hajarsa tun farkon yini, har dukiyarsa ta yawaita. Ku lura, bai tsaya ga jin hadisin ba, sai da ya sake tsarin safiyarsa saboda shi.

Ban ce barci haramun ne ba. Wanda ya tsaya asham, ya tashi sahur, jikinsa yana da hakki a kansa, kuma ga ƙailula da rana ta ishe shi. Abin da nake ja wa kunne shi ne mutum ya farka hantsi ya dubi ludayi, ya fito a gigice, mai bin sa bashi na kira, yaron shago na jiran mabuɗi, shi kuwa bai san da me zai fara ba. Irin wannan yini, duk wanda ya fara shigowa shago shi ne zai ja ragamarsa.

To, idan ka sallame Asuba ka kammala azkar, kada ka taɓa salula tukuna. Saƙonnin WhatsApp ba za su gudu ba. Ɗauko littafin lissafinka, ka fara da shafin da rai ba ya so, wato bashin da ake bin ka. Mu ƴan Adam mun fi tuna jika biyar da muke bin wani a kan jika ɗari da ake bin mu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da ajalinsa da shaidunsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne, Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Saboda haka tambayi kanka kowace safiya: wa na yi wa alkawarin yau? In akwai abin biya, ware shi gefe tun kafin ciniki ya haɗiye shi. In babu, kai za ka fara kiran mai kuɗin ka nemi uzuri, kada ka bari shi ya neme ka kana ɓuya a bayan buhunan sukari da bakin azumi.

Daga nan ka raba uwar kuɗi da riba, ka fitar da na cefane da adadinsa. Azumi wata ne na buɗe hannu, kuma haka ake so, amma shaguna da yawa a aljihun mai su suke mutuwa: a ɗiba don ƙanƙara, a ɗiba don kayan salla, bayan Idi a tarar da kanta babu kaya. Wanda yake wannan lissafi kullum, ranar da shekarar zakkarsa ta cika ba zai yi kame-kame ba wajen ƙiyasta hajarsa da fitar da ɗaya bisa arba'in.

Sannan ka zaɓi aiki guda wanda in shi kaɗai ka gama, yinin bai tafi a banza ba, ka yi shi da safe tun ƙishirwa ba ta rage maka hankali da haƙuri ba. Ga ɗan'uwanmu tela, wannan yana nufin ya ƙirga ɗinkin da ke hannunsa da kwanakin da suka rage kafin salla, ya san tun a gida ko zai karɓi sabon yadi yau. Wanda bai ƙirga ba, da bakinsa zai ce “in sha Allahu jibi” alhali zuciyarsa ta san ba zai yiwu ba, ga shi kuma yana azumi. Ka kuma yanke tun da safe wanda zai tsare shago lokacin Azahar da La'asar da tafsiri, ba sai ladan ya yi kira a fara duban juna ba.

Duk wannan ba ya wuce minti goma sha biyar. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya zaunar da ɗansa ya rubuta masa. Kuma a sami mutum guda amintacce a cikin gida wanda ya san inda littafin yake, domin mun sha zama rabon gado inda masu bin bashi suka zo da maganarsu, magada suka rasa takardar da za su duba.