Fiziks da Kemistiri a kwalejin Gumel: Wane aiki ke jiran ɗalibi bayan NCE?

Duk shekara ɗaliban kimiyya daga Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar na cike likitanci ko injiniyanci a fom ɗin JAMB. Kaɗan ne ke samun gurbi. Sauran sai su zauna a gida jiran baɗi, wasu har su haƙura da karatun, alhali ga Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel kusa da su, inda ake karantar da Fiziks, Kemistiri da Lissafi.

Abin da ke hana su ba ɓoyayye ba ne. Ana ganin wanda ya yi NCE ya ɗaure kansa da alli har tsufa.

Gaskiya ne NCE takardar koyarwa ce. Shekara uku ake yi, ciki har da zangon gwajin koyarwa, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda malami ya shiga aji da ita a Najeriya. Amma wanda ya fito da sakamako mai kyau zai iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko Bayero a Kano. Ga iyayen da ba sa son 'yarsu ta yi nisa tun tana 'yar shekara 17, wannan ba ƙaramar mafita ba ce.

Sai kuma aikin da ke wajen aji, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba.

Ɗauki sola. Rijiyoyin burtsatse, shagunan cajin waya da masu sayar da ƙanƙara a yankin duk sun koma kanta. Ƙarfin da aka rubuta a bayan farantin sola an auna shi ne a ma'aunin zafi 25. Duk digiri ɗaya da farantin ya haura haka, yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce 40, farantin da ke kan kwano na iya kaiwa 65, wato kusan kashi 16 ya tafi, tun ba a zo kan ƙurar hunturu ba. Mai haɗa sola da bai san wannan lissafin ba shi ne ke barin batirin mutane na mutuwa cikin 'yan watanni. Wanda ya zauna a ajin Fiziks ya san dalili, sai dai dole ya je ya koyi riƙe filaya wurin masu sana'ar, don takarda ba ta haɗa waya.

Kemistiri kuma ga zoɓo da riɗi da ake hada-hadarsu a Maigatari. Ƙasashe irin su Meziko, babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ba sa karɓar kaya sai an yi masa feshin ƙwari bisa ƙa'ida an kuma tabbatar da bushewarsa. Wannan aikin masu awo da gwaji ne.

Wanda zuciyarsa ta fi karkata ga ɗakin gwaje-gwaje, ya duba kwas ɗin SLT a kwalejojin fasaha, kamar ta Hussaini Adamu da ke Kazaure: shekara biyu na ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan biyu na HND.

Ko wacce ɗalibi ya zaɓa, sai da kiredit a darussan da ake buƙata, ciki har da Lissafi. Kafin a biya kuɗin rajista kuma, ya kamata uba ko yaya ya taka har sashen, ya tambayi ɗaliban da ke ciki sau nawa suke taɓa kayan gwaji a zango.