Kilimanjaro: Hanyar da ta fi gajarta ba ita ta fi sauƙi ba

Duk ma'aikacin da ya ɗauki hutun shekara ya nufi garin Moshi na arewacin Tanzaniya da niyyar taka ƙololuwar Uhuru, tambayar farko da za a yi masa ita ce: ta wace hanya? Tsayin Kilimanjaro mita 5,895 ne, fiye da ninki biyu na Chappal Waddi da ke Jihar Taraba. Doka ta hana hawa ba tare da jagora mai lasisi ba, amma zaɓin hanya na mai tafiya ne.

Mai ƙidaya kwanakin hutu da abin aljihu yakan karkata ga Marangu. Tana da ɗakunan kwana a Mandara da Horombo da Kibo, kuma ana iya gama ta cikin kwana biyar. A nan tarkon yake. A saman dutsen, iskar da jini ke samu daga kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce, jiki kuwa ba ya sabawa da haka sai sannu a hankali. Wanda ya yi gaggawa yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya. Idan abin ya tsananta, ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, babu abin yi sai saukowa nan take. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. In ma Marangu za a bi, gara a ƙara kwana guda a Horombo.

Machame ta fi wahalar da ƙafa, kwanan tanti ne na kwana shida ko bakwai, amma tsarinta ya fi dacewa da jiki: a hau zuwa Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan a sauko a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Lemosho, mai tasowa daga yamma, takan ɗauki kwana bakwai zuwa takwas, kuma a ganina ita ta fi dacewa da wanda bai taɓa hawa ba. Rongai ta ɓangaren iyakar Kenya take, inda ruwan sama ya fi ƙaranci.

Saukowa kuwa, kaɗan ne ke tunaninta kafin su biya kuɗi. Mai Marangu ta inda ya hau zai dawo. Masu Machame da Lemosho ta Mweka suke saukowa. Sukan bar zangon Barafu da tsakar dare, su kai ƙololuwa da hantsi ko kafin nan, sannan a wannan yinin su gangaro har zangon Mweka, wajen mita 3,100. Saukar kusan mita 2,800 ke nan a yini guda, rabinta a kan tsakuwa mai zamewa, ga rashin barci. Mai ciwon gwiwa ya tanadi sanduna biyu, ya kuma sanar da jagoransa tun a Moshi.