Mayar da babur daga Sakkwato zuwa wata jiha

Mayar da babur zuwa wata jiha shi ne ɗauke babur daga jihar da aka saye shi, ko aka yi masa rajista, a kai shi wata jihar domin a ci gaba da hawansa a can. A birnin Sakkwato, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Ƙofar Rini inda ƙuncin lunguna ya sa babur ya fi mota amfani, buƙatar hakan tana tasowa kullum: ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibin da ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai koma gida, ɗan bautar ƙasa, ko ɗan ci-rani da zai tafi kudu ya yi kabu-kabu. Lambar da jihar Sakkwato ta bayar tana aiki a duk jihohi 36 na Najeriya da Abuja, don haka sauya mazauni kaɗai ba ya wajabta sabuwar rajista. Abin da ya fi jawo wa mutane asara shi ne rashin takardar da za ta nuna babur ɗin nasu ne, sai kuma rashin sanin dokar jihar da za su.

Wuri da asali

Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A yau sunan unguwa ce a cikin tsohon gari. Iyakokin jihar da unguwar take ciki sun sauya sau biyu a cikin shekara biyar: an cire jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, sannan aka cire Zamfara a 1996. Wanda ya kai babur ɗinsa Birnin Kebbi, Argungu ko Gusau kafin wannan lokaci bai fita daga jiharsa ba. Yanzu kowanne daga cikin garuruwan nan yana ƙarƙashin wata hukumar haraji da wasu dokokin hanya daban.

Baburan da ake mayarwa iri-iri ne. Akwai Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, kuma ta daɗe tana hannun malamai da tsofaffin ma'aikata. Akwai ƙananan baburan da ake kira roba-roba saboda robar da ta lulluɓe jikinsu, waɗanda ɗalibai da mata da magidanta suka fi hawa a cikin gari. Akwai kuma manya irin su Bajaj Boxer da 'yan kabu-kabu suka fi so. Wajen rajista duk babur ne, kuma lasin tuƙinsu ɗaya ne, wato rukunin A.

Takardun mallaka

A cikin unguwa ba a cika tambayar mai babur takarda ba, domin kowa ya san shi, ya san dillalin da ya sayar masa. Wannan sani ba ya wuce shingen farko na jami'an tsaro a bayan gari. Daga nan takarda ce ke magana.

Takarda ta farko ita ce rasit ɗin da dila ya bayar lokacin da aka sayi babur ɗin sabo. A kanta ake rubuta lambar jiki, wadda makanikai ke kira casis, da lambar inji. Waɗannan lambobi biyu an buga su a jikin ƙarfen babur ɗin, kuma su jami'ai ke gwadawa da abin da ke rubuce. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya isa a riƙe babur, kuma babur ɗin da aka goge ko aka sake buga lambarsa ana ɗaukarsa a matsayin na sata har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda aka sauya wa inji yana buƙatar rasit ɗin sabon injin.

Yawancin matsala tana wurin baburan hannu, waɗanda suka bi ta hannun mutum uku ko huɗu. An saba a yi ciniki da baki, a biya dillali la'adarsa, a miƙa tsohon rasit mai ɗauke da sunan wanda ya fara saye. Idan aka tare babur a Funtuwa ko Kwantagora, sunan da ke takarda ba na mai riƙe da shi ba ne, kuma wanda zai yi masa shaida yana Sakkwato. Maganin wannan shi ne yarjejeniyar ciniki a rubuce, mai ɗauke da sunan mai sayarwa da mai saye, da lambobin babur, da sa hannun shaidu, sannan a kai ta ofishin lasin a sauya sunan mai shi. Wanda takardunsa suka ɓace yakan nemi takardar rantsuwa daga kotu da rahoton 'yan sanda kafin a ba shi wasu. Duk wannan ya fi sauƙi a yi shi a Sakkwato tun kafin tafiya, lokacin da mai sayarwa da shaidu suke kusa.

Lamba da rajista

Rajistar ababen hawa aikin haɗin gwiwa ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke kula da tsarin lamba na bai ɗaya da rumbun bayanansa. A yawancin jihohi hukumar tattara haraji ita ce ke karɓar kuɗi ta bayar da lambar ta ofishin lasin, jami'an duba ababen hawa da ake kira VIO kuma su duba lafiyar abin hawan.

A tsarin lambar da aka shigo da shi a 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, kamar KMC na birnin Kano, sunan jiha da kirarinta kuma suna sama. Launin rubutun yana nuna aikin abin hawan: shuɗi na mai zaman kansa, ja na haya, kore na gwamnati. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai ƙaura. Wanda yake hawan babur ɗinsa zuwa kasuwa a Sakkwato da shuɗiyar lamba, idan ya je wata jiha ya fara ɗaukar fasinja, ya shiga rukunin haya, kuma ana iya kama shi a kan hakan ko da sauran takardunsa sun cika.

Baburan da ba su da lamba kwata-kwata suna da yawa a arewa, kuma a 2019 FRSC ta sanar da kamen irin su a faɗin ƙasa. Mai sabon babur da bai yi rajista ba yana da zaɓi biyu: ya yi a Sakkwato kafin ya tashi, ko ya ɗora babur ɗin a mota da rasit ɗinsa ya yi a can. Abin da ba shi da kyau shi ne ya hau shi ba lamba ya kama hanya. Wasu masu zama na dindindin sukan zaɓi lambar sabuwar jihar, ba don doka ta ce ba, sai don baƙuwar lamba takan jawo yawan tsayarwa.

Haraji da inshora

Dokar da ta fayyace haraji tsakanin matakan gwamnati, wadda aka kafa a 1998, ta sanya harajin hanya a hannun jihohi, kuɗin tasha kuma a hannun ƙananan hukumomi. Ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, ko da yake duk wanda ya bi manyan hanyoyin ƙasar ya san ba a cika kiyaye wannan ba.

Lasin abin hawa na shekara guda ne. Wanda aka biya a Sakkwato yana nan da ƙarfinsa a kowace jiha har ranar da zai ƙare, ba a sake biya don an ƙaura. Idan ya ƙare, mai babur yakan sabunta a ofishin lasin na inda yake zaune. Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha domin kowace ce ke yanke nata.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan diyyar wanda aka yi wa ɓarna, ba mai babur ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta a kan naira 3,000 ga babur, naira 15,000 ga motar gida. Inshorar ba ta da iyakar jiha. Haɗarinta ɗaya shi ne na jabu, domin akwai masu sayar da takardar da babu kamfani a bayanta, 'yan sanda kuma sun fara tsananta binciken inshora a Fabrairun 2025, amma ana iya duba lambar babur a rumbun bayanan kamfanonin ta waya.

Ɗan kabu-kabu yana da ƙarin kuɗaɗe da ba sa bin sa idan ya tashi: katin ƙungiya, riga mai lamba, da tikitin kullum. Waɗannan na gari ne, kuma a sabon wuri daga farko zai fara.

Dokokin jihar da za a je

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so. Amma jihohi suna da ikon taƙaita hawan babur a hanyoyinsu, kuma sun sha yin haka. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Satumban 2021, saboda 'yan bindiga da ke kai hari a kan babura, jihohin Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna suka kafa dokoki masu tsauri, waɗanda suka haɗa da taƙaita lokutan hawa da hana goyon mutum uku, Kaduna kuma ta dakatar da hawan babur baki ɗaya na wata uku. Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta kuma riƙa murƙushe baburan da ta kama.

Abin da ya faru a Legas a ƙarshen Agustan 2019 ya nuna yadda jigilar kanta ke iya zama abin zargi. Jami'an jihar sun tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da mutum 123 da babura 48, suka tsare su, daga baya aka sake su bayan bincike bai gano wani laifi ba. Irin wannan lodi, mutane da baburansu a bayan mota ɗaya, shi ne yadda 'yan ci-rani da yawa daga Sakkwato ke tafiya kudu.

Waɗannan dokoki suna sauyawa, wasu a janye su, wasu a sabunta. Shi ya sa masu tafiya ke fara tambayar 'yan uwansu da ke can kafin su yi lodi.

Jigila

Jirgin ƙasa bai taɓa isa birnin Sakkwato ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Don haka babur ko dai a hau shi, ko a ɗora shi a mota.

Hawa yana yiwuwa a gajeriyar tafiya kamar zuwa Birnin Kebbi, mai nisan kimanin kilomita 150. Ƙaramin babur irin roba-roba ko Vespa ba a yi shi don doguwar hanya ba, ga ƙananan tayoyi ga ƙaramin tanki, kuma hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta ratsa yankunan da mai babur shi kaɗai ke fuskantar haɗari daga 'yan bindiga da kuma zargi daga jami'an tsaro.

Mafi yawa a mota ake kaiwa. Ana yin ciniki a babbar tashar motar Sakkwato ta hannun 'yan kamasho na ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko a wurin manyan motocin da ke lodin albasa da dabbobi a kasuwar Kara zuwa kudu ta hanyar Yawuri, Kwantagora, Jebba da Ilori. Babu tsayayyen farashi. Nisa, girman babur da tsadar mai su ke yanke shi, kuma kuɗin ya tashi sosai bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Idan babur ya tsufa kuma tafiyar mai nisa ce, mutane da yawa sukan ga ya fi riba su sayar da shi a gida su sayi wani a can.

Kafin lodi ana zuƙe fetur ɗin tanki, a cire kan batir, a kwance madubai, a naɗe fitilu da robobin jiki da kwali ko tsumma. Robar roba-roba ita ce ta fi saurin fashewa idan igiya ta matse ta, don haka a ƙarfen jiki ake ɗaure igiyar, a kuma ɗaure shi a tsaye. Babur ɗin da aka kwantar da shi tsawon tafiya baƙin mai yakan malala ya shiga inda bai kamata ba, ya ƙi tashi idan an sauke shi.

Idan mai babur ba zai bi motar ba, ana rubuta takardar kaya a tasha, wadda ake kira webil, da sunan mai aikawa da mai karɓa, da lambar motar, da lambobin babur ɗin. Direba yana tafiya da kwafin takardu domin nunawa a shingayen 'yan sanda, sojoji da kwastan, na ainihi kuma su zauna a hannun mai shi. Ana ɗaukar hoton babur ɗin ta kowane gefe kafin a ɗora, domin idan wani abu ya fashe a hanya ƙungiyar tasha ce ke sasanta mai kaya da direba, kuma da abin da aka gani take hukunci.

Ƙetare iyaka

Kai babur Ƙonni a Jamhuriyar Nijar ta Illela ya fi kusa da Sakkwato a kan kai shi Gusau, amma hukuncinsa daban ne, domin fitar da kaya ne daga ƙasa. Kwastan na ɓangarorin biyu suna da ta cewa, lambar Najeriya kuma ba ta wadatar da wanda zai zauna a can. An rufe wannan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024.