Me Ya Sa Manyan Gine-gine Ke Cin Kuɗi Fiye Da Ƙiyasi? Abin Da Bincike Kan Ayyuka 16,000 Ya Gano

A shekarar 2018, ma'aikata a sabon filin jirgin sama na Berlin, babban birnin Jamus, sun shiga cire allunan sanarwa guda 750, irin manyan fuskokin talabijin ɗin nan da ke nuna lokacin tashi da saukar jirage. Sun shafe shekara shida a kunne, har suka tsufa suka fara lalacewa. Babu fasinja ko ɗaya da ya taɓa ɗaga kai ya dube su, domin a lokacin ba a buɗe filin jirgin ba tukuna. A ƙarƙashin ginin kuma, jirgin ƙasa ne ke kai da kawo babu kowa a cikinsa, don kawai ya motsa iska kada danshi ya ɓata tashar.

An fara aikin a 2006, da alƙawarin buɗewa a watan Oktoban 2011. Aka ɗaga zuwa Yunin 2012. Saura 'yan makonni a yi bikin, aka gano tsarin kariya daga gobara da fitar da hayaƙi ba ya aiki yadda doka ta tanada. Sai a ranar 31 ga Oktoban 2020 aka buɗe shi, an makara da shekara tara, kuɗin da aka ƙiyasta kimanin Yuro biliyan 2 kuma ya haura biliyan 6. Wannan a Jamus ke nan, ƙasar da ake buga misali da ita wajen tsari da kiyaye lokaci.

Duk wanda ya bi labarin jirgin ƙasan cikin gari na Blue Line a Legas, wanda aka fara a 2009 amma kashinsa na farko bai fara ɗaukar fasinja ba sai a Satumbar 2023, zai iya ɗauka cewa matsalar ta wannan yanki ce kaɗai. Bincike ya nuna ruwan dare ce.

Alƙaluman da ba su da daɗin ji

Bent Flyvbjerg ɗan ƙasar Danmak ne, farfesa da ya daɗe yana koyar da tafiyar da manyan ayyuka a Jami'ar Oxford. Abin da ya yi ba shi da ban sha'awa a ido: ya zauna yana tattara abin da aka ce aiki zai ci da abin da ya ci a ƙarshe. A binciken da ya fitar tare da abokan aikinsa biyu a 2002, sun duba ayyukan sufuri 258. Kusan tara cikin goma sun wuce kasafinsu. Layukan dogo sun wuce da kimanin kashi 45 cikin ɗari, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kashi 34, tituna da kashi 20. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a tsawon shekara saba'in da alƙaluman suka shafa, ƙiyasin bai gyaru ba. An samu kwamfuta, an samu sabbin dabarun lissafi, kuskuren yana nan daram.

Daga baya rumbun bayanan nasa ya kai ayyuka sama da 16,000 daga ƙasashe 136. A littafin da ya wallafa tare da Dan Gardner a 2023, mai suna How Big Things Get Done, ya bayyana cewa kashi 8.5 cikin ɗari ne kacal suka kammala a kan kasafi kuma a kan wa'adi. Idan aka ƙara da sharaɗin cewa aikin ya samar da amfanin da aka yi alƙawari, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 0.5. Wato aiki ɗaya cikin ɗari biyu.

Dalilai biyu masu binciken suka fi kawowa. Na farko halin ɗan Adam ne. Tun a 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana yadda mutum, idan yana tsara aikinsa, yake hango hanyar da komai zai tafi daidai, ya manta da ruwan sama, da rashin lafiyar birkila, da motar yashi da za ta lalace a hanya. Na biyu kuma ba kuskure ba ne, wayo ne: a rage kuɗin da gangan a takarda don a samu amincewa, a san cewa idan aka haƙa rami aka zuba harsashi, babu mai ƙarfin halin cewa a tsaya.

Darasin Sydney

Babu ginin da ya fi nuna wannan kamar Gidan Opera na Sydney a Ostareliya, mai rufin nan kamar filafilan jirgin ruwa da ake yawan gani a hotunan fuskar waya.

A Janairun 1957 aka sanar da cewa Jørn Utzon, wani mai zanen gine-gine ɗan Danmak da ba a san shi sosai ba, shi ya lashe gasar zanen. Abin da ya gabatar zane ne mai ɗaukar ido, amma babu wanda ya san yadda za a gina rufin, har shi kansa. Firimiyan jihar New South Wales na lokacin, Joseph Cahill, yana tsoron kada siyasa ta juya a yi watsi da aikin, don haka ya matsa a fara. A watan Maris na 1959 aka soma haƙa, zane bai kammala ba. An ce aikin zai ci dalar Ostareliya miliyan 7, a gama a 1963.

Sai aka zuba dandamalin ginin kafin a san nauyin abin da zai zauna a kansa. Utzon da injiniyoyin kamfanin Ove Arup sun shafe shekaru suna gwada siffofi daban-daban na rufin, har da taimakon kwamfutocin farko-farko, kafin a 1961 aka dace da dabarar yanko dukkan ɓangarorinsa daga siffar ƙwallo guda. Dabara ce mai kyau, domin ta ba da damar zuba sassan kankare a ma'auni iri ɗaya. Amma ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su iya ɗaukar wannan rufin ba. Aka rushe, aka sake.

Kuɗi suka yi ta tafiya, sabuwar gwamnati ta zo, aka shiga takun saƙa da Utzon kan biyan kuɗi, ya ajiye aikin a 1966 ya bar ƙasar. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe ginin a ranar 20 ga Oktoban 1973, an makara da shekara goma, an kashe dala miliyan 102, ninki fiye da goma sha huɗu na ƙiyasin farko. Utzon ya rasu a 2008 bai taɓa komawa ya ga ginin a kammale ba.

Akwai masu cewa ai kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tunda ginin ya zama tambarin ƙasa baki ɗaya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2007. Gaskiya ne. Sai dai gini ɗaya da ya yi sa'a ba hujja ba ce ga dubban da suka cinye kuɗi suka zama kango.

Ginin da aka gina sau biyu

Shekara ashirin da huɗu bayan Sydney, a Oktoban 1997, aka buɗe gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a birnin Bilbao na ƙasar Sifen. Shi ma gini ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, an lulluɓe shi da dubban faifan ƙarfen titaniyam, da wuya a samu bango biyu masu siffa ɗaya. Amma an gama shi a kan lokaci, kuma bai wuce kasafinsa ba.

Bambancin yana cikin kwamfuta. Ofishin mai zanen, Frank Gehry, ya ɗauko wata manhaja mai suna CATIA, wadda kamfanin Dassault na Faransa ya ƙirƙira don ƙera jiragen sama. Da ita aka gina ginin a allo tukuna, kowane ƙarfe da ma'auninsa, aka gyara, aka sake gyarawa, sannan aka tura ma'aunan kai tsaye ga masu yanka ƙarfe. Kuskuren da a Sydney sai an fasa kankare, a Bilbao danna madanni ne.

Wannan tunanin ne ya zama abin da a yau ake kira BIM, wato samfurin gini na kwamfuta mai ɗauke da bayanai. Ba hoto ne kawai mai tsawo da faɗi da zurfi ba. Kowace ƙofa, kowane bututu, kowane rodi yana ɗauke da girmansa, da kayan da aka yi shi da su, wani lokaci har da farashinsa da ranar da za a saka shi. Mai zane yana aiki a manhaja irin Revit, injiniyan lantarki da na famfo su ma suna nasu, sai a haɗa duka a manhaja irin Navisworks, ta binciko wuraren da suka ci karo: nan bututun ruwa ya ratsa cikin ginshiƙi, can hanyar wayoyi ta toshe ƙofa. Duk wanda ya taɓa ganin mai aikin famfo yana fasa sabon filasta da guduma ya san darajar wannan. Tun daga Afrilun 2016, gwamnatin Birtaniya ta wajabta amfani da BIM a ayyukan ginin da gwamnatin tsakiya ke bayarwa.

Wayar hannu ma ta shiga filin aiki. Injiniya na buɗe sabon zane a wayarsa maimakon takardar da ƙila an canja ta tun makon jiya. Jirage marasa matuƙi na auna tulin ƙasa daga sama. Akwai kamfanoni irin OpenSpace da Buildots da ke ɗora kyamara mai ɗaukar kowace kusurwa a kan hular kwanon ma'aikaci, ya zaga ginin, manhaja ta jera hotunan a kan zane don a ga inda aka kai. Tun daga iPhone 12 Pro a 2020, wasu wayoyin na zuwa da na'urar LiDAR da ke auna ɗaki cikin 'yan mintuna.

Amma kada a ɗauka manhaja magani ce. A rumbun Flyvbjerg, ayyukan kwamfuta da manhajoji su kansu suna cikin masu haɗari: kusan ɗaya cikin biyar na wuce kasafi da fiye da rabi, kuma a cikin waɗannan, matsakaicin ƙarin ya haura kashi 400 cikin ɗari. Kayan aiki ba sa hana ɗan siyasa gaggawar yanke kintinkiri.

Ƙananan abubuwa, a maimaita

Wani abin da alƙaluman suka nuna shi ne, ayyukan da suka fi kiyaye kasafi su ne waɗanda aka haɗa daga ƙananan sassa iri ɗaya. Tashoshin wutar sola na wuce kasafi da kimanin kashi 1 cikin ɗari, tashoshin nukiliya kuwa da kimanin kashi 120. Faifan sola ɗaya ne ake jerawa sau dubu ɗari, don haka ma'aikacin da ya yi kuskure a layin farko ya ƙware kafin layi na goma. Tashar nukiliya kuwa babu damar gwaji.

Dogon benen Empire State a New York, mai hawa 102, an gama shi cikin kwana 410 aka buɗe a ranar 1 ga Mayun 1931, babu kwamfuta ko ɗaya. An zaɓi kayan da aka saba da su, hawa-hawan kuma kusan iri ɗaya ne, har akwai lokacin da aka ɗora hawa goma sha huɗu cikin kwana goma.

Tambayi waɗanda suka riga ka

Maganin da Flyvbjerg ya gina a kan tunanin Kahneman yana da sauƙin faɗa. Maimakon a fara lissafi daga aikin da ke gaba, a fara daga makamantansa da aka riga aka gama: nawa aka ce za su ci, nawa suka ci? Sai a ɗora wannan tazarar a kan sabon ƙiyasi. Baitulmalin Birtaniya ya shigar da irin wannan gyaran cikin ƙa'idojinsa a 2003, ma'aikatar sufurin ƙasar ta bi sahu a 2004.

Dabarar ba ta gwamnati kaɗai ba ce. Matashin da ya sayi fili yana shirin ɗora ɗaki biyu da falo, yawanci takarda ɗaya yake riƙe da ita, wadda magini ya rubuta masa. Maginin ba lallai maƙaryaci ba ne, amma yana son aikin, kuma shi ma yana hango ranar da komai zai tafi daidai. Abin da binciken ke nufi shi ne a nemi mutum takwas ko goma da suka gama irin wannan ginin, a tambaye su abin da aka ce musu da farko da abin da suka kashe a ƙarshe. A inda farashi ke tashi kusan kowane wata, lissafin Naira ba zai yi amfani sosai ba. Gara a tambaya da buhu da tifa: siminti buhu nawa, bulo nawa, yashi tifa nawa, rodi nawa, wata nawa aka ɗauka. Jadawali ɗaya a Google Sheets ya isa ya riƙe wannan duka.

Haka ma wanda ke aiki a Abuja ko Jidda yana turo kuɗin gini gida, ana turo masa hotuna ta WhatsApp. Hoto na nuna bangon da ya tashi, ba ya nuna abin da aka ce za a yi aka kasa. Masu binciken Amurka Glenn Ballard da Greg Howell, waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Last Planner a shekarun 1990, sun auna wannan a filayen gini, suka tarar kusan rabin ayyukan da aka tsara yi a mako ne kawai ake kammalawa a makon. Tsarin nasu shi ne shugabannin ma'aikata da kansu su faɗi abin da za su iya gamawa a mako mai zuwa, kada a sa aikin da kayansa ba su iso ba, ranar ƙarshen mako kuma a ƙirga nawa aka cika, a rubuta dalilin kowane da ba a cika ba. Bayan wata biyu, jerin dalilan ne ke nuna ko matsalar ruwa ce, ko mai kawo bulo, ko kuwa mai gidan ne da kansa ke canja wurin taga duk sati.