Me Ya Sa Ake Yafe Wa Shugaba Kuskure, Amma Ƙarya Ta Ƙi Yafuwa?

Ka taɓa lura cewa wani shugaban ko ba ya nan aiki na tafiya, wani kuwa da ya ba da baya kowa sai ya kama gabansa? Sirrin yana cikin yarda, kuma masana sun daɗe suna bincikenta.

A 1995 wasu masana uku a Amurka, Roger Mayer da James Davis da David Schoorman, suka nuna cewa abu uku ake dubawa kafin a yarda da mutum: iya aiki, nufin alheri ga na ƙasa, da riƙon gaskiya. Kamar duwatsun murhu suke, ka janye ɗaya tukunya ta kife.

To, wane shugaba ake nufi? A 2002 Kurt Dirks da Donald Ferrin suka tattara sakamakon bincike sama da 100, suka ga ƙwazon ma'aikaci ya fi alaƙa da yardarsa da shugabansa na kusa fiye da manyan da ke can sama. Wato malamin firamare a Ringim ya fi auna hedimastan da yake gani kullum a kan jami'an da ke ofis a Dutse.

Idan yardar ta tsage fa? A 2004 Peter Kim da abokan aikinsa suka gwada mutane da labarin wata mai neman aiki da ake zargi da cike takardar haraji ba daidai ba. Da aka ce rashin sani ne, ba da haƙuri ya gyara lamarin. Da aka ce da gangan ta yi, ba da haƙuri bai yi tasiri sosai ba. Dalili kuwa, mun san gwani ma yakan kuskure, amma ƙarya ɗaya hali muke ɗaukarta. Hali kuwa zanen dutse ne.

Saboda haka in kana shugabantar mutane, a sakatariya ne, asibiti ko shagon ɗinki, kada ka ji tsoron cewa "nan na yi kuskure". Abin tsoro shi ne ka yi alkawarin ƙarin girma alhali ka san babu, ko ka raba alawus a ɓoye, ko ka fifita ɗan'uwanka. Na ƙasa da kai ba lallai su tanka ba, amma suna lissafi. Ranar da ka buƙaci su faɗa maka gaskiya kan wata matsala, shiru za ka ji.